Gangaren da Na Sauka a Firi

Direbobin yanzu suna da wata gardama da ba ta ƙarewa. Duk ranar da na je tashar Boɗinga shan iska, sai na tarar da su a inuwa suna ja-in-ja a kan ko sakin mota a firi a gangare yana rage shan mai. Firi dai shi ne ka zare giya ka bar mota ta gangara da nauyinta. Mu a zamaninmu har makulli muke murɗawa mu kashe injin gaba ɗaya. Wannan ya ce yana ragewa, wancan ya ce ƙarya ne. In sun gaji da ihu sai su juyo kaina: "Baba, kai da kat tuƙa mota tun zamanin Turawa, raba muna gardama." Ni kuwa sai in ce musu haƙorana sun zube, magana tana yi mini wuya. Su yi dariya su ƙyale ni. Amsar ina da ita, don har aunawa na yi da hannuna. Abin da ya sa na auna ne bakina ba ya iya faɗa a tasha, shi ya sa na zauna ina rubuta shi da ɗan bokon da na koya da girma.

Lokacin babban yaƙin Turawa ne, ina saurayi sabon aure, ina tuƙa wa wani attajiri na birnin Sakkwato babbar mota mai bodin katako. Hanyata ɗaya ce: in tashi daga birni, in bi ta Boɗinga da Sifawa, in wuce Shagari har Jega, in juyo da kaya. Motocin da ke bin hanyar a lokacin ba su kai yatsun hannu biyu ba, saboda haka direba abin kallo ne, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya ɗan kumbura. Da yaƙi ya yi zafi sai komai ya yi wuya. Fetur ya koma sai da takarda, kuma abin da aka rubuta maka shi ke nan, ko za ka yi kuka da hawayen jini. Taya sai faci a kan faci. Odar motata irin ta roba ce da ake matsawa da hannu, rana ta cinye robar ta tsage, aka nemi wata a duk birni aka rasa. In ina son a ba ni hanya sai in taka totur, injin ya yi ruri, mutane da jakuna su watse.

Maigidan nawa yana da wani kara da ya yi wa zane-zane da wuƙa. Duk dawowa sai ya zo da kansa, da babbar rigarsa, ya tsoma karan a tanki, ya ɗaga shi sama yana duba inda jiƙa ta tsaya. Ban taɓa tsanar wani abu mara rai kamar yadda na tsani karan nan ba.

Wani direba da ke jan motar maigidan ta biyu shi ya koya mini firi. Ya girme ni, bakinsa kuma ya girme shi. Ya ce duk gangaren da Allah ya shimfiɗa a hanya kyauta ce ga direba, wawa ne kawai ke ƙona mai a kai. Na gwada, na kuwa ji daɗinsa. Ka murɗa makulli, duniya ta yi tsit, sai iska a kunnenka da ɗan kukan katako, mota tana ta ƙara gudu ba ka ba ta komai ba. In ka kusa ƙasa ka buɗe makulli, ka lallaɓa ka cusa giya, ka saki kuloci, ta yi tari ta tashi. Na riƙa jin kamar ni na fi Turawan da suka ƙera ta wayo.

In ka baro Shagari ka nufo Boɗinga, akwai wani dogon tudu na jan marmara. Daga kansa hanya takan gangara a hankali, ta yi kwana a bayan wani kurmin sabara, sannan ta miƙe ta faɗa kan wata 'yar gada da mota ɗaya kawai ke iya hawa. A nan na fara gamuwa da Malam. Na sauko a firi wata ranar kasuwa, ina karya kwanar sai ga wani dattijo a gefen hanya da sanda, da ɗaurin igiyoyi a ka. Na wuce shi da tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba. Iskar motar ta firgita shi ya faɗa cikin ƙaya. Na tsaya can gaba na dawo da gudu, bakina cike da faɗa, don a ganina shi ne bai kauce ba. Da na iso na ga idanunsa farare fat, fuskarsa duk zanen agana, sai na fasa faɗan.

Yana zaune yana lalubar ƙaya a tafin hannunsa ya ce, "Wa na? Mutum ko aljani?"

Na durƙusa na ce, "Allah shi gahwarta Malam, direba na. Mota ta."

"Mota? Wace irin mota ta wagga da ba ta da murya? Ni na san motoci dut da ka bin hanyag ga. Tun suna bayan tudu nika jin su."

Na yi masa bayanin firi, har da ɗan alfahari. Ya saurara har na gama, sannan ya kama hannuna ya riƙe. Hannunsa kaushi ne da shi kamar bayan itace.

"Ɗana, ni ba ni da ɗan jagora, ban kuma son shi. Shekara talatin nika bin hanyag ga da kunnena. Kura ma tana kuka kahin ta iso. In ka taho, ka taho da kukanka, in ji ka in kauce. Ka yi mani alkawali?"

Na ce na yi. Ya ce in faɗa da baki sosai. Na ce na yi alkawari ba zan ƙara kashe mota a wannan gangare ba. Ya ce to, Allah ya ji.

Daga ranar muka saba. Gidansa yana wani ɗan ƙauye a bayan tudun, sana'arsa tufkar igiyar rama, kuma yana da karatu a ka, shi ya sa kowa ke ce masa Malam. Ranar kasuwa yakan fito ya bi hanyar mota da sandarsa. Ni kuma in na hau kan tudun sai in taka totur sau biyu, ya san ni ne. Kafin in karyo kwana ya riga ya koma gefe ya tsaya, ya ɗaga sanda. In rage gudu in leƙo in ce, "Allah shi gahwarta Malam!" Shi kuma ya amsa da ƙarfi, "Amin, direba! Sauka lahiya!" In ina da sarari in tsaya mu taɓa hira, in ba shi goro. Yana da tsokana. Wata rana ya ce, "Motakka tana tari yau, ka ba ta citta." Na yi dariya, amma da na isa birni na buɗe na tarar fulogi ɗaya ya mutu. Tun daga nan ban ƙara raina kunnensa ba. Ubana ya rasu ina ƙarami, kuma ina jin wani abu na wannan gurbin ne dattijon nan ya cike mini ban sani ba.

Igiyar da nake ɗaure kaya da ita ta tsufa, sai na roƙe shi ya tufka mini sabuwa, mai kauri, doguwa. Na ce ba gaggawa, ya kawo mini nan da kasuwa biyu. Ya ce zai yi mini wadda za ta ɗaure raƙumi uku.

A cikin makon nan aka ƙara rage mai. Maigida ya tara mu, ni da ɗayan direban, ya nuna mana wani sabon zane a jikin karansa. Ya ce, "Turawa sun rage muna. Mota guda za ni ajewa. Wanda dut yaf hi shan mai cikinku, shi aje mani makulli." Ɗayan ya dube ni ya yi murmushi. Shi ba gangaren da yake bari, ko na tsawon tabarma ne. Ni ma ina yin firi ko'ina, ban da wuri ɗaya, kuma wurin nan shi ne gangare mafi tsawo a duk hanyar. Matata tana da ciki wata bakwai. Na riƙa kwana ina tashi da zanen karan nan a idona.

Ranar da abin ya faru ba ranar kasuwa ba ce. Na taso daga Jega da lodin auduga har sama, da hantsi na wuce Shagari. Bazara ce, hadari yana haɗuwa a gabas, iska mai ƙarfi tana buso mini ta gaba. Tun a Jega na tsoma wani kara da ni ma na yi wa zane, na ga man ya yi ƙasa fiye da yadda na so. Da na hau kan tudun, ƙafata ta je kan totur da kanta za ta yi gaisuwar da ta saba, sai na ɗauke ta. Na ce a raina, yau ba kasuwa, Malam yana gida yana tufka. Alkawarin don shi aka yi, in ba ya nan wa na cuta? Na ce sau ɗaya ne. Ban daɗe ina wannan shawara ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Na zare giya na murɗa makulli.

Motar ta gangara shiru. Auduga ta danne bodin ko motsi ba ya yi, ruwan farko ya kwanto da rairayi a kan hanya, 'yar ƙarar da ta rage kuma iska tana kwashe ta tana mayarwa baya. Gudu ya yi ta ƙaruwa, ni kuwa ina jin daɗi. Na karya kwanar sabara, sai ga shi a tsakiyar hanya, ya ba ni baya, ya kusa hawa gadar. Yana tafe a nitse yana buga sanda, da wani babban naɗin igiya a kafaɗarsa.

Na taka birki da duk ƙarfina. Birkin wancan zamani da lodi a gangare sai dai ya rage, ba ya tsayarwa. Na kai hannu kan oda na matsa tsagaggiyar roba, ba ta ce komai ba. Na taka totur, injin a mace. Dama da hagu kwari ne, ba wajen kaucewa. Amma akwai sauran tazara. Taku biyu kawai yake bukata zuwa gefe, kuma na sha ganin yana yin su cikin ƙiftawar ido. Sai na leƙa ta taga na ƙwala ihu.

A nan ne kuskuren da ya fi ci mini rai yake. Da na ce "Mota!" da ya tsira. Kalma ɗaya, kuma ya san abin da ake yi in an ji ta. Amma ni an tashe ni a kan ba a yi wa babba tsawa, bakina bai san yadda ake ce wa dattijo kauce ba. Abin da mai kaya a ka yake faɗa in yana neman hanya a kasuwa, shi ya fito mini. Na ce, "Gahwara! Gahwara, Malam!"

Shi kuwa ya san muryata. Wata da watanni muryar nan ba ta taɓa zuwa masa da komai ba sai "Allah shi gahwarta Malam". Iska ta yanke abin da ta yanke, ya ji gafara, ya ji Malam, bai ji injin ba. A wurinsa direba ne ya zo a ƙasa yana gaishe shi. Sai ya tsaya cak. Ya juyo, fuskarsa a sake, ya ɗaga sandarsa yadda ya saba. Na ga bakinsa ya buɗe zai ce amin. Na sake cewa gafara, ina cusa giya da ƙarfin tsiya, ta ƙi shiga. Ƙarar ƙarfen ce ta fara isa kunnensa, na ga fuskarsa ta canza, amma lokaci ya ƙure.

Motar ba ta tsaya ba sai da ta haye gadar. Na sauko na dawo. Ta buge shi ta jefa shi gefen gada, yana kwance a rairayi, ƙirjinsa ya lotsa, numfashi yana fita da ƙyar. Igiyar ta warware ta miƙe a kan hanya. Na gane ta tun kafin in taɓa, mai kauri ce, doguwa, sabuwa fil. Daga baya matarsa ta gaya mini ya gama ta da wuri, ya ce ya san ranakun da nake wucewa, bari ya kai mini bakin hanya ya jira a inuwar da ke ƙetaren gada, kada kayana su zube saboda tsohuwar igiya.

Na ɗora kansa a cinyata. Ya lalubo fuskata da hannu.

"Direba, kai na?"

"Ni na, Malam."

"Da mota kat taho?"

"Da ita."

Ya ja numfashi da ƙyar. Sannan ya ce, "Ban ji ta ba. Ko kaɗan ban ji ta ba. Ashe kunnen ma ya tahi." Hawaye suka gangaro daga fararen idanun nan. Ya ce, "Ba laihinka na ba, ɗana. Tsuhwa ta."

Ko a ransa bai kawo cewa na karya alkawari ba. Ya fi yarda kunnen da ya yi shekara talatin yana yi masa jagora ya ci amanarsa, da a ce ni na ci. Ni kuma ban faɗa masa gaskiya ba. Ina da lokacin da zan faɗa masa, don ya ɗan jima yana salati kafin ya cika. Na buɗe baki ya fi sau uku. Tsoro ya hana ni, da kunya, da wani mugun sauƙi da na ji a ƙirjina da ya ce ba laifina ba ne. Wannan sauƙin shi ne abin da na fi jin ƙyamarsa a duk rayuwata. Ya cika a hannuna kafin manoman da suka hango mu daga gonakinsu su iso.

An kai maganar gaban alƙali. Ya tambaya ko direba ya yi gargaɗi. Manoma biyu suka tashi suka shaida cewa sun ji ni da kunnensu ina cewa gafara har sau uku, makaho ne ya tsaya. Ba wanda ya tambayi ko injin yana aiki, don ba wanda ya san ana kashe shi. Ƙanen Malam ya miƙe ya ce sun yafe, kwana ne ya ƙare. Alƙali ya sallame ni. Kalmar da ta tsayar da shi a gaban mota ita ce ta wanke ni, na fito mutane suna yi mini barka. Matarsa ta aiko mini da igiyar har gida, ta ce ai tawa ce, don ni ya yi ta.

Maigida bai karɓe makulli ba. Ranar da na shigar da motar birni ya tsoma karansa kamar kullum, ya duba, ya ce madalla, na fi ɗayan tattali. Shi aka sallama, ni aka bari.

Bayan wata guda na kasa zama da abin. Na tsaya a kan tudun da lodi irin na ranar, na cire bututun mai daga tanki, na cika gwangwanin madara da fetur na rataye shi, na jona bututun a ciki. Na tayar da mota, na sa giya, na gangara da injin yana aiki yadda na yi alkawari. Na karya kwanar, na haye gadar, na tsaya a inuwar da ya so ya jira ni. Na buɗe na duba gwangwanin. Rabi ya tafi, rabi yana nan. Na sake hawa na sake saukowa, ko na yi kuskure. Haka dai, rabin gwangwani. Na zauna a kan matakalar mota ina riƙe da shi, ina kallon ɗan man da ko fitilar kwana biyu ba zai riƙe ba, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Na yi shekara talatin da wani abu ina tuƙi bayan wannan. Ban ƙara kashe mota a gangare ba, ko na tsawon tabarma, kuma duk yaron da ya koyi tuƙi a hannuna ya san in ya zare giya a gangare zai sha mari kafin ya ji dalili, dalilin ma ban taɓa ba su ba. An sake hanyar, an zuba kwalta, an rushe 'yar gadar an yi babba, an sare sabarar. Duk da haka in na hau kan tudun sai ƙafata ta taka totur sau biyu. Fasinjoji suna ɗauka wata al'ada ce ta tsofaffin direbobi. Igiyar ban taɓa ɗaure kaya da ita ba. Tana rataye a ɗakina, ta bushe, gara ta ci gefe ɗaya, matata har ta rasu tana tambayata amfaninta.

To ga amsarku, 'yan tasha, ku daina damuna. A irin motar da na tuƙa, firi yana rage mai. Yana rage rabin gwangwanin madara a gangare mafi tsawo tsakanin Shagari da Boɗinga. Motocinku na yanzu ban sani ba, ku je ku auna naku.

Saura magana ɗaya, ita kuma ba taku ba ce. Na yi ta a zuci a kan sallaya, na yi ta a bakin kabarin Malam ba kowa, amma ban taɓa yin ta inda wani zai ji ba, shi kuwa ya ce alkawari a faɗe shi da baki sosai. Yanzu nawa kunnen ya yi nauyi, sai an ɗaga murya nake ji, na san abin da ya ji a ransa da ya zaci nasa ya tafi. Da wannan baƙin cikin ya mutu, kuma ni na bar shi da shi.

Allah shi gahwarta Malam, kunnenka lahiya lau yake. Ni nik kashe ta.